Ranar da Na Kori Mma Lariba Daga Sunan 'Yata

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, ko da yake Allah shaida ne na yi iya ƙoƙarina in manta. Matsalar ita ce, ko ni na manta, mutanen Nima ba za su manta ba. A unguwarmu ana iya mance ranar da ka yi sadakar buhun shinkafa, amma ranar da ka ji kunya har jikokinka sai an zaunar da su an ba su labari.

A lokacin watana bakwai da samun aikin gadi a wani ofishin jakadanci. Gadi fa na ce, amma da a wancan lokacin ka tambaye ni, cewa zan yi ina sashen tsaro. Aikin bai wuce in tsaya a get cikin yunifom mai ruwan toka ba, in duba takardar mutum, in karɓi wayarsa, in ba shi lamba, in nuna masa benci. Sai dai duk wanda ya taɓa ganin yadda manyan alhazai ke ladabi a layin biza ya san abin da wannan ɗan iko ke yi wa ƙwaƙwalwar talaka. Kafin wata uku tafiyata ta canza. A bes ɗinmu, wato dandalin da muke zaman shan ataya, shayinmu na ƙaramar buta, a bakin titi, abokai suka laƙaba mini Ambasada. Su zolaya suke yi, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu.

A get ɗin nan na tsinto kalmar da ta ja mini. Wata safiya ogana, Mista Lamptey, ya liƙa hoton wani mutum a ɗakin gadi, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce wannan persona non grata ne, ko wa ya riƙo hannunsa kar ya wuce ƙofar nan. Na tambaye shi ma'anarta. Ya ce Latin ce Turawa suka ara. Asali gwamnati ce ke faɗa wa jakadan da ta gaji da shi, wato tattara naka ya naka. Amma yanzu kowa na yaɓa ta ga duk wanda ba a maraba da shi, a ofis ne, a ƙungiyar ƙwallo ne, ko a gidan surukai. A taƙaice dai, "ba ma son ganin ƙeyarka" ce aka sa wa kwat da takalmi sau ciki.

Wallahi kalmar ta yi mini daɗi a baki. Na kai ta gida na fara rabo. Sauro ya zama persona non grata. Akuyar mai gidan da muke haya, mai cinye mini sabulu, ita ma haka. Abokina Awudu ya sha wannan hukunci sau biyu saboda yana cika wa ataya sukari. Matata Rukayya, da tsohon cikinta, ta ce in na sake furta kalmar a ɗakinta za ta nuna mini wanda ake kora a gidan. Na yi dariya, na ce mata ba ta san harkar diflomasiyya ba.

To, yanzu bari in gabatar muku da Mma Lariba. Tsohuwa ce gajera da ke zaune a Maamobi, tsallaken babbar gwatar da ta raba mu da su. Ba a suna, ba a aure, ba a sadakar arba'in a lungunmu ba ka gan ta ba. Ba gayyatar ta ake yi ba, don a Zango, wato unguwannin Hausawa irin tamu, ba a gayyatar kowa: ka ga kanofi ya tare hanya, ka shiga ka zauna, in an gama ka tambayi na wa aka yi. Kullum tana tafe da kuloli uku, shuɗiya, ja, da wata da launinta ya riga mu gidan gaskiya. Ta girmi marigayiya mahaifiyata nesa ba kusa ba, ita ta yi mata wankan jegona, saboda haka ta ɗauke ni jika, take kira na "maigidana".

Laifinta a wurina biyu ne. Na farko, ranar aurena da idona na gan ta ta cika kulolin nan da jollof da nama tun abokan ango ba su wanke hannu ba. Na biyu, wanda ya fi ciwo, a ranar dai ta karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa, ta sanar da jama'a cewa angon nan har ya shekara goma ana shanya tabarmarsa kowace safiya. (Tara ne, ba goma ba. Amma wa za ka tsaya yi wa wannan gyara?)

Da Rukayya ta sauka lafiya, muka sami 'ya mace, murna ta sa na gayyaci Mista Lamptey suna. Ya ce zai zo. Ina komawa gida sai hoton abin ya faɗo mini: ga ogana zaune a ƙarƙashin kanofi, ga Mma Lariba ta jawo kujera kusa da shi. Na san zancen tabarma za ta kwashe ta gaya masa. Na yanke shawara cewa sunan 'yata zai zama na farko a tarihin lungunmu da za a yi shi da tsari.

Na gaya wa Awudu a bes. Ya ajiye butar ataya ya dube ni.

"Chale, abokina, kar ka taɓa wannan tsohuwa. Ka kori sauro, ka kori akuya, ka kori ni, duk na yarda. Amma Mma Lariba, dabi, a'a sam."

Na ce masa irin wannan tsoron ne ya hana Zango ci gaba.

Saura kwana biyu suna, na taso daga aiki ban cire yunifom ba, na haye gada na nufi gidanta. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake a tire, mata biyu na taya ta. A tsaye na gaishe ta, ban durƙusa ba, don jami'i ba ya durƙusawa a bakin aiki.

"Yoo, maigidana, barka da arziki," in ji ta. "Yarinyan da wa ya yi kama? In da kai ne, a sayi leda tun yanzu a shimfiɗa a katifa."

Matan suka fashe da dariya. Duk wani ɗan tausayi da ya rage mini a nan ya ƙare. Na zaro takarda daga aljihu (e, rubutawa na yi, har da sa hannu), na gyara murya na karanta: "Bisa la'akari da wasu dalilai na tsari, ina sanar da ke cewa daga yanzu har zuwa ƙarshen taron suna, ke persona non grata ce."

Na tsaya ina jiran ta tambaye ni ma'ana, don na shirya bayani mai tsawo. Ba ta tambaya ba. Ta cire wani ɗan dutse daga cikin wake ta yar, ta ce, "Wa'adin kwana nawa ka ba ni? Ai ana ba da wa'adi."

"Nan take ya fara aiki."

"To. Ƙasarka ne. Ka gaida Rukayya."

(Da ina da hankali ko na ƙwayar gero, da na tsaya na tambayi kaina inda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ana ba da wa'adi. Amma ni a lokacin ina can ina jin daɗin ƙarar takalmina a siminti.)

Ranar jajibere gidan ya yi tsit. A al'ada da yamma mata kan cika tsakar gida suna yankan albasa suna gulma, amma ranar ko ɗaya ba ta leƙo ba. Surukata, Hajiya, wadda ta zo daga Kumasi don wankan jego kuma ba ta san kowa a lungun ba, ta aiko a tambaye ni ina matan unguwa. Na aika mata cewa ta kwantar da hankalinta, an tsara komai. A raina har murna nake, wai tsari ya fara aiki tun ba a je ko'ina ba.

Da safe ɓangaren maza ya tafi sumul. Bayan sallar asuba liman ya zo, aka raɗa wa yarinya suna Hauwa'u, sunan mahaifiyata, shi ya sa muke kiran ta Ummi. Aka raba goro da dabino, aka sha koko da ƙosai, aka yanka rago, mahauci ya gyara shi tsaf. Maza suka shafa fatiha suka watse, za su dawo cin abinci da rana. Na shiga ɗaki na saka farar shaddata sabuwa dal, na kafa hula, na fito ina zagaya kujeru kamar mai duba fareti.

Ƙarfe takwas ta yi. Tara ta yi. Sai na lura da wani abu. Ga duwatsun murhu an jera, ga itace, ga buhunan shinkafa, ga albasar da na je har kasuwar Agbogbloshie na ɗauko, ga nama a baho an rufe da zane ƙudaje na ɗawafi. Babu tukunya. Babu mai dafawa.

A nan dole in yi wani iƙirari. Shekarata talatin da huɗu a Zango, na ci abincin biki ya fi a ƙirga, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina manyan tukwanen nan suke fitowa ba. Na ɗauka tare da kanofi da kujeru ake kawo su. Ko kuma, in faɗi gaskiya, na ɗauka da ƙafarsu suke zuwa, su yi aikinsu su koma.

Aka ce Hajiya na kira. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Ba ta dube ni ba, don suruka ba ta kallon idon suruki. Jaririyar ta ɗaga, ta yi mata magana a hankali:

"Ummi, tambayar mini babanki. Danginki na Kumasi sun taso tun asuba, mota guda cur, ƙarfe ɗaya za su iso. A me za a dafa musu? A hularsa?"

Rukayya na zaune a bakin gado, an yi mata lalle, kayan fitar suna na ninke a gefenta. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Haihuwata ta fari ce fa." Sai hawaye. A nan na gane girman abin da na ɗebo. Ni namiji ne, gobe zan sa yunifom in tafi. Ita ce za a riƙa nunawa daga Nima har Kumasi, har ta tsufa, a ce ga wadda aka zo sunan 'yarta aka tarar da ɗanyar shinkafa. Tsoro ya kama ni.

Na fita bin gidaje neman aro. Gidan farko aka ce tukunyar ta yi tafiya. Na ce ina? Aka ce ba ta faɗa ba. Gida na biyu aka ce tasu ta fara yoyo jiya-jiyan nan. Mai waakye, wato shinkafa da wake, ta bakin titi ta ce nata duk suna kan wuta, alhali ina ganin biyu a kife a bayanta. Awudu ya ce in ana so zai ba da aron butar ataya. A gida na biyar ne Anti Memuna, wadda ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta ji tausayina ta fasa ƙwai, da Hausarmu ta Zango mai ce wa mace "shi".

"Ambasada, ba mu da matsala da kai kraa, ko kaɗan. Amma tukunya ba ya fita sai Mma ya ce ya fita. Shi ya san wa ke da wanne, shi ke raba aiki, shi ke ɗanɗana gishiri. Ka kore shi, ka kore mu. Je ka Maamobi."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarfe goma sha ɗaya saura na sake haye gadar nan, wannan karon babu ƙarar takalmi.

Abin da na tarar a gidan Mma Lariba har gobe in na tuna sai na runtse ido. Mata sun kai ashirin a tsakar gida, kowacce sanye da ankon sunan 'yata, sun ci ɗauri, sun shirya tsaf. Ga tukwane a kife a jere, ga ludaya da muciya a ɗaure. An gindaya benci a bakin ƙofa. Bayan bencin ga Mma a kan kujera, ta saka tabarau, ta buɗe wani tsohon littafin makaranta a cinya.

Na ɗaga ƙafa zan tsallake bencin.

"Tsaya nan," in ji ta. "Kana da afointimen?"

"Mma, don girman Allah..."

"Ajiye waya."

Na ajiye. Ta miƙo mini guntun kwali an rubuta bakwai a jiki, ta nuna mini dakali a rana, ta ce in jira a kira lambata. Ni kaɗai ne a layin. Ta gyara tabarau ta kira, "Lamba ɗaya!" Aka yi shiru. Ta jira. "Lamba biyu!" Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ba kowace lamba haƙƙinta na jira, matan nan na toshe baki da gyale. Ni kuwa ina kallon rana tana hawa, ina lissafin inda motar Kumasi ta kai. (Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta iya aikin. Ko a get ɗinmu ba ma yin sa da kyau haka.)

Da aka zo bakwai na matso.

"Me ya kawo ka ƙasarmu?"

"Aron tukunya."

"Wa ya san ka a nan?"

Na waiga. Matan da suka goya ni, suka share mini majina, duk suka ɗaga kai suna kallon sama.

Sai ta cire tabarau ta rufe littafin. "Maigidana, kai wata bakwai ka yi a bakin get. Ni tun ba a haife ka ba nake dafa abinci a cikin gidan ambasada, ciki fa, ba waje ba. A gabana aka kori ogana, ni na naɗe masa kaya a akwati. Kuma kafin sati ya zagayo ƙasarsu ma ya kori namu. Haka ake yi. Ka kori nasu, su kori naka. Ogan naka bai koya maka wannan rabin ba?"

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba, da farar shadda da komai. Na ba da haƙuri da Hausa, na ba da da Turanci, na ƙara da ɗan Twi da na iya. Na ce ta dubi Rukayya.

Ta ce, "Rukayya bai yi laifi ba. Jariri bai yi laifi ba. Kuma na ji sunan Hauwa aka sa masa. Ni ban taɓa barin Hauwa da yunwa ba, ba yau zan fara ba. Za mu je. Amma da sharaɗi."

Sharuɗɗan su ne: ni zan ɗauki babbar tukunyar, wadda suke kira Kwantena, a kaina, in shige gaba. Daga lokacin da aka hura wuta har baƙi su watse, ba ni ba shiga ƙarƙashin kanofi, ba ni ba ɗanɗana ko ƙwayar shinkafa, don yanzu ni ne persona non grata. Bayan la'asar kuma zan ɗauki kuloli biyu in kai inda za ta gaya mini. Na ce na yarda. Da ta ce in haɗiye ludayi ma da na yarda.

Ba su ba ni gammo ba. Mma ta cire hulata, ta lanƙwasa ta, ta ɗora mini a ka, mata huɗu suka ɗaga Kwantena suka aza. Gindinta baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi. Kafin mu kai gada gumi ya haɗu da baƙin tukunya ya fara gangarowa ta goshi, ta wuya, ta ƙirjin shadda. Bayana mata ashirin cikin anko, kowacce da kayanta, wata na rangaɗa guɗa. Muka fito babban titi. Direbobin trotro, motocin hayarmu, suka dinga danna hon, wani kwandasta ya leƙo ya ce, "Kayayo, nawa zuwa Circle?" Wato dai na zama ɗan dako. Masu shaguna suka fito. Da muka zo wucewa ta gaban bes, abokaina suka miƙe tsaye gaba ɗaya suka ƙame, wai ana gaida Ambasada.

Duk wannan mai sauƙi ne.

Daidai bakin lungunmu wata tasi ta tsaya. Ƙofa ta buɗe, Mista Lamptey ya fito cikin kwat, riƙe da kyauta a naɗe. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga ɗan dako mafi kusa da shi, wato ni, ya matso cikin ladabi ya tambaye ni ko na san gidan da ake suna, ya ambaci cikakken sunana har da Mista a gaba. Bai gane ni ba! Na ga ƙofar tsira a buɗe: in nuna masa lungun da baki in wuce abina. Har na fara turo leɓe.

Sai muryar Mma daga baya: "Oga, ga shi nan ƙarƙashin tukunya!"

Mista Lamptey ya sunkuyo ya leƙa fuskata. Idonmu ya haɗu. Ni kuma, wata bakwai ana horar da ni cewa duk inda na haɗa ido da oga ga abin da zan yi, sai jikina ya yi aikinsa ba tare da ya shawarce ni ba. Na saki tukunya, na haɗe ƙafafu, na sara masa.

Kwantena ta sulmiyo ta baya, ta daki kwalta da wata ƙara da na tabbata an ji ta har unguwar New Town. Ta mirgina, tana tafe tana kuka, ta tsallake titi, masu babur na kaucewa, ba ta tsaya ba sai da ta daki tayar wata doguwar mota da ke ƙoƙarin fakin. Motar Kumasi ce. Dangin matata suka leƙo ta taga, gwaggonni da innoni, suka ga wani baƙin mutum cikin abin da a da farar shadda ce, lanƙwasasshiyar hula manne a kansa, ya ƙame yana sara wa mai kwat. Na ji wata tsohuwa a cikinsu ta tambaya, da murya mai kaiwa nesa, "Wanne ne mijin Rukayyar?"

Mata ashirin suka nuna ni a tare.

Abin da ya biyo baya daga tsallaken titi na kalle shi, a kan bencin bes. Kuma dole in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Kafin in gama wanke fuska wuta ta kama a murhu uku. Mma na tsaye a tsakiya, ba ta ɗaga murya, da ludayi kawai take nuni: ke albasa, ke nama, ke rage wuta. An ba baƙi sobolo, wato zoɓo, da cincin an riƙe su da hira. Ƙarfe biyu da rabi ƙamshin jollof ya tsallako titi ya same ni inda nake, ya yi mini sallama ya wuce. Na hango Rukayya ta fito cikin leshinta, danginta sun kewaye ta, tana dariya har da riƙe ciki. Na ji wani sanyi a raina, na gode wa Allah, duk da na san ni ake yi wa dariyar.

Na kuma hango abin da na yi duk wannan haukan don in hana. Mma Lariba ta jawo kujera kusa da Mista Lamptey. Ba na jin me take cewa, amma na ga ta miƙe hannu biyu tana kwatanta yadda ake shanya tabarma a igiya, na ga ogana ya cire tabarau yana share hawaye. Bai bar wurin ba sai da aka cika masa leda biyu.

Bayan la'asar aka miƙo mini kuloli biyu daga bakin kanofi, kamar yadda ake miƙa wa mai cuta abinci. Shuɗiyar na kai wa wani dattijo a ɗan ɗaki bayan masallaci, tsohon direba da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Na sha wucewa ta ƙofar, ban san da mutum a ciki ba. Ɗayar na kai wa wata tsohuwa makauniya can cikin Maamobi. Kowannensu tambaya ɗaya ya yi mini: "Yau na wa aka yi?" Na faɗa. Suka ɗaga hannu suka yi wa Ummi addu'a da sunanta, doguwa, irin wadda ba a samu a ƙarƙashin kanofi. Tsohuwar ta ce in gaida Lariba, in kuma gaida uban yarinyar, ta ji an ce mutumin kirki ne. Na ce zai ji.

Na dawo bes gab da magariba, rabona da abinci tun kokon safe. Kowa ya tafi cin rabonsa, ni kaɗai. Ina zaune ina tunanin ko in jiƙa gari da sukari, sai ga Mma ta tsallako titi a hankali, jar kular a hannunta. Ta dire ta a gabana ta zauna a ƙarshen benci tana haki.

"Mma, ai kin ce ba ni ba ɗanɗanawa."

"A taro na ce. Nan taro ne? Aikina ke nan, wanda ba zai iya zuwa taro ba shi nake kai ma. Yau kai ne."

Na jawo kular zan buɗe, sai hannuna ya tsaya. Murfin ya tsage ta gefe an ɗaure shi da robar taya. Na san tsagin nan. Na san ɗaurin nan, don ni na yi shi. Shekarun da na yi ba aiki, mahaifiyata na kwance ba lafiya, duk Asabar da Lahadi sai in dawo gida in tarar da jar kula a bayan ƙofa, jollof da nama har da ƙwai. In na tambaya sai ta ce wata ƙawarta ce ta aiko. Ban taɓa tambayar wace ƙawa ba. Ci kawai nake, in yi gyatsa, in fita bes in zagi gwamnati.

Ashe satar da na kafa kotu a kanta, ni ne babban wanda ya ci gajiyarta. Kunya ta rufe ni, ba irin ta titi ba, wata daban mai nauyi, na kasa ɗaga kai.

"Kular nan ya fi ka sanin ƙofar gidanku," in ji Mma. "Ci, maigidana. Amma kar ka sha ruwa da yawa, dare ya kusa."

Na ci. Ina ci ina share ido, ina cewa yaji ne.

Yau Ummi na aji biyu a firamare. Har yanzu ina get ɗin, sai dai na rage barin mutane a rana. Mista Lamptey bai taɓa tayar da maganar ba, amma duk ranar da na sara masa sai ya ɗan matsa gefe ya dubi saman kaina. A lungu kuwa an ba ni muƙami na dindindin: duk bikin da za a yi, ni ke ɗaukar Kwantena, kuma na sayi gammona.

Kalmar nan ban sake yaɓa ta ga kowa ba, ko akuyar mai gida na ƙyale ta da sabulunta. Abin da na koya bai da yawa: kafin ka kori jakada, fara bincika a hannun wa tukwane suke, ka kuma tuna abincin wa ya gina wuyan da kake ɗaga masa.